Dalma a Bakin Riga

"Ke za ki ɗinka min rigar aurena."

Auta ta tsayar da keken ɗinkin, zare na rataye a bakinta. Muryar kaɗai ta ishe ta, amma sai da ta ɗago kai don ido ya gane wa kansa.

Siririya ce tsaye a ƙofar shagon. Ƙawarta tun suna 'yan makaranta, wadda kuma a watannin baya ta ɗauke mata Injiniya, saurayin da ta yi shekara da shekaru tana jira. A bayanta ga yayar Injiniyan riƙe da ledar yadi, tana taunar cingam ƙas-ƙas kamar wadda aka aiko.

"Ba ki ji ba ne, ƙawata?"

"Na ji."

"Ai ni na ce ta kawo miki," in ji yayar, tana zube yadin a kan tebur. "Ɗinki kam Allah ya ba ki, babu mai musu. Sauran ne dai..."

Ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan kujerar da Auta ke zaune.

"Kujerar nan tana da haƙuri, wallahi."

Suka kwashe da dariya har da tafawa.

Auta ta dubi yayar. Wannan matar ce fa ta zaunar da ƙaninta ta ce masa in ya shiga taro da Auta, cewa za a yi babarsa ya rako. Shi kuma gogan, da yake ba shi da kunnen kansa, ya zo har wannan shagon ya tsaya yana wasa da makullin mota, ya ce, "Ki rage jiki tukuna, sai mu san abin yi." Abin yin da ya sani shi ne ƙawarta.

Da wata ce, da ta watsa musu yadin a titi.

Auta kuwa murmushi ta yi. Ta miƙe ta zaro tef daga wuyanta.

"Ɗaga hannu, amarya."

Ta zagaya tef ɗin a ƙugun Siririya, ta ja shi sai da ta ce, "Wash! A hankali mana!"

"Yi haƙuri. Zan ɗinka miki rigar da ba a taɓa gani ba. Kuma zan zo bikin."

"Da gaske?"

"Ki ajiye min kujera a gaba. Ba sai mai haƙuri ba."

Suna fita ta rufe ƙofar, ta jingina da ita, ta yi kukan da ba ta yarda sun gani ba. Da ta gama ta share fuska da guntun yadi, ta yi ƙwafa.

Ta sha alwashin sai ta shiga zauren bikin nan a rame, a miƙe, cikin rigar da za ta sa ango ya manta sunan amaryarsa. Sai ya yi da-na-sanin da zai bi shi har tsufa. Ko me za a yi a yi.

*

Likitar da ta je gani a asibiti mace ce mai sanyin magana. Ta sa aka auna nauyin Auta da tsayinta, aka ɗebi jini, sannan ta zaunar da ita.

"Hanya biyu ce. Akwai allura, duk mako sau ɗaya, tana rage miki son abinci. A hankali take aiki, sai kin haɗa da tafiya da gyara cin abinci, kuma da farko za ta iya tayar miki da zuciya. Sai kuma tiyata, a yanke wani sashe na tumbi. Ita tana da sauri, amma abin da aka yanke ba ya dawowa."

"Tiyata nake so."

"Ban gama ba."

"Likita, ni mai sauri nake so."

"Nauyinki bai kai inda muke yi wa mutum tiyata ba. Saura kaɗan, amma bai kai ba. Ba ki da ciwon sukari, ba ki da hawan jini. Ba zan kai lafiyayyen ciki gaban wuƙa ba alhali ga hanya mai sauƙi."

"Saura nawa?"

Likitar ta cire tabarau ta dube ta.

"Wa kike son ya gani?"

Auta ta ɗauki jakarta ta fita ko sallama babu.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Tana ambaton tiyata Umma ta saki tsintsiyar hannunta.

"A yanka ki? Ni na haife ki da tumbinki cikakke, wani ƙato ya sa a rage shi?"

"Umma, lafiyata ce."

"Ƙarya kike, Auta! Da don lafiya ce da tun bara kin je, lokacin da gwiwa ta dame ki ina yi miki magiya. Don wancan mai makullin motar ne."

Gwaggo, ƙanwar Abba, tana gefe tana yankan farce, ta sa baki ba a tambaye ta ba.

"Ku bar yarinya ta gyara kanta. Mu danginmu duk ba mu da wannan jikin, can ta ɗauko shi."

Umma ta juyo kanta, faɗa ya koma tsakaninsu. Auta ta sulale ta shige ɗaki, kalma biyu ne kawai ke yawo a kanta.

Saura kaɗan.

*

Shagon da ke jikin nata na mai labule ne. Dogo ne, baƙi, ba ya son hayaniya, kullum da fensir maƙale a bayan kunne. Tun ranar da ta kama shagon yake kiranta Gimbiya. Shi ke ɗaga mata ƙofar ƙarfe in ta cije, shi ke miƙo mata waya daga janaretonsa in an ɗauke wuta, bai kuma taɓa cewa komai ba. Duk layin an san abin da ke ransa, har mai gyaran takalmi. Auta ce kawai ba ta sani ba, ko kuma ta ga dama ta ƙi sani.

Ranar tana tsaye a ƙofarsa tana kallon yana kalmasa wani labule mai kauri. Sai ta ga yana cusa wasu 'yan ƙarafa masu faɗi a cikin kalmasar.

"Mene ne wannan?"

"Dalma ce, Gimbiya. Ita ke sa labule ya sauka ya tsaya, iska ba ta wasa da shi."

Ta ɗauki ɗaya ta jinjina a tafin hannu. Ƙarama, amma nauyi kamar me.

Wata dabara ta faɗo mata.

"Ba ni kwali guda."

"Kwali? Labulen masallaci aka ba ki?"

"Aiki ne dai."

Ya ba ta, har da kai mata cikin shago don kada ta wahala.

Abin da tela ya iya, ya iya. Ta yanka doguwar riga baƙa mai faɗi, ta yi mata shafi biyu. Ta jera dalmar a bakin rigar, ta jera a gefe da gefe, ta yi wata ɗamara ta ciki ta cika ta, kowace ta naɗe ta da auduga don kada ta yi ƙara. Ɗinkin ya kwanta lumui, ko tela ɗan'uwanta sai ya taɓa zai gane.

Da ta saka, sai da kafaɗunta suka amsa.

Ba ta koma wajen likitar farko ba. Wani asibitin ta nufa a can ƙarshen gari, inda ba a san fuskarta ba. Nas ta ce ta cire takalmi ta hau sikeli. Ta cire takalmin da ladabi, ta hau da rigarta.

Lambar ta haura.

Aka yi mata tambayoyi, ta amsa yadda ta shirya. Aka ce ta dawo gwaje-gwaje, aka kuma ba ta rana, da sauran lokaci kafin bikin.

A cikin motar haya tana ta murmushi ita kaɗai, gumi na bin bayanta. A ranta tana ganin fuskar Injiniya. Tana ganin cingam ɗin yayarsa ya faɗo daga baki.

Ta sauka a bakin layi, ta taho da ƙyar, rigar na janta ƙasa. Tana ɗaga ƙafa za ta hau dakalin shago, bakin rigar ya daki ƙofar ƙarfe.

Ƙwal!

Ɗinki ya ɓalle. Dalma ɗaya ta faɗo, ta biyu ta biyo ta, ta gangara har gaban takalmin mai labule.

Ya sunkuya ya ɗauka. Ya dubi dalmar, ya dubi rigar, ya dubi katin asibitin da ke leƙowa daga jakarta.

"Gimbiya... daga ina kike?"

"Unguwa."

"Umma ta zo nan jiya tana kuka. Ta ce likita ta hana ki tiyata don nauyinki bai kai ba." Ya ɗaga dalmar. "Da kayana kika cika shi?"

"Na saya, ai ba kyauta ka ba ni ba."

"Da hannuna na kai miki kwalin!"

Ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mai gyaran takalmi ya ajiye guduma ya zuba ido.

"Za su sa miki maganin barci da awon ƙarya. Za su yanke miki abin da ba ya tsirowa. Don wa? Don mutumin da ko gaisuwar kirki bai iya ba?"

"Ina ruwanka?"

"Ruwana?"

"Eh! Kai wane ne nawa? Ubana ne kai ko yayana?"

Ya dube ta ido cikin ido.

"Ni ne wanda yake sonki tun kina zuwa da keken ɗinkin aro. A haka. Ban taɓa kallonki na ce da ma an rage ba." Ya ajiye dalmar a kan dakalinta. "In don lafiyarki ce, ki yi allura, ki yi tiyata, duk wanda likita ta ce, ni zan kai ki in zauna a ƙofa. Amma ba zan tsaya ina kallo ki yanka kanki ki kai masa a faranti ba."

"To kada ka kalla."

Maganar ta fita kafin ta kama ta.

Ya gyaɗa kai. Ya shiga shagonsa, ya kashe fanka, ya ja ƙofa ya kulle da rana tsaka.

Washegari bai buɗe ba. Jibi ma haka. Ƙofar Auta ta cije, ta yi ta kokawa da ita ita kaɗai har farcenta ya karye. Ta ce ko a jikinta. Ƙarya take, don duk motsin da ta ji a layin sai ta leƙa.

*

Gwaggo ba ta iya riƙe magana ba. Kafin mako ya zagayo, labarin tiyata ya isa gidan su Injiniya.

Sai ga kiransa.

Auta ta daɗe tana kallon wayar kafin ta ɗauka.

"Autata..."

Da can wannan kiran narkar da ita yake yi. Yau tsigar jikinta ce ta tashi.

"Na ji abin da za ki yi saboda ni. Ban san son da kike min ya kai haka ba. Ina so mu gana."

Saboda ni.

Ta zauna a kan kujera a hankali. Ita da take ganin wuƙa ta wasa masa, ashe shi kyauta ya ga an naɗo masa. Ya ce ta rage, ga shi za ta rage. Duk wahalar nan, duk dalmar nan, umarninsa take bi da gudu, har da ƙaryar da za ta iya kashe ta.

Kunya ta kama ta. Bayan kunyar sai wani fushi mai sanyi ya sauko, irin wanda ba ya sa kuka.

Ta dubi rigar amarya da ke rataye, saura gwaji na ƙarshe. Siririya za ta zo gobe da hantsi.

"Ka zo shago gobe," ta ce da murya mai laushi. "Da hantsi."

Siririya ta riga shi zuwa, ita kaɗai. Auta ta shigar da ita bayan labulen gwaji, ta saka mata rigar, ta bi bayan da fil tun daga wuya har ƙugu.

"Kada ki motsa, kada ki yi magana, fil zai soke ki. Bari in ɗauko alli."

Ta ja labulen ta rufe. Ko minti biyar ba a yi ba ƙamshin turarensa ya shigo kafin shi.

"Autata."

"Sannu da zuwa, ango."

"Bar wannan maganar." Ya ja kujera ya zauna, yana kaɗa makulli. "Yaushe ne aikin?"

"Ya kusa."

"Madalla. Kin ga da tun farko kin yi haka, da duk wannan bai faru ba."

"To yanzu ai ka yi amarya."

Ya yi tsaki.

"Wace amarya? Yayata ce ta matsa. Yarinyar nan ba ta da komai sai ƙashi da son kuɗi. Ko hira ba ta iya ba, in tana magana barci nake ji. Ke ce kika san ni."

"Bikin fa?"

"Zan ɗaga shi. In ce aiki ya taso. Ke dai ki yi tiyatar, in ga yadda kika koma. In abin ya yi kyau, sai in san yadda zan sallame ta."

"In bai yi kyau ba fa?"

Ya yi dariya, ya buɗe hannu.

"Ai sai a yi haƙuri, ga ta nan a ajiye."

Auta ta miƙe, ta taka a hankali, ta kama labulen gwaji ta zuge shi gaba ɗaya.

Siririya na tsaye cikin farar riga, fil a bayanta, kwalli ya zubo har haɓa.

Makullin ya faɗi ƙasa.

"Masoyiya... ba haka... wasa nake..."

"A ajiye?" Muryarta ta fashe. "Ni ce a ajiye?"

Marin da ta ɗauke shi da shi har mai gyaran takalmi sai da ya ji. Ta finciko rigar daga kafaɗa, fil na zuba, ta ja mayafinta ta rufa ta fita tana kiran babarta a waya tun daga bakin ƙofa.

Injiniya ya juyo, hannu a kunci, ido ya yi ja.

"Kin san tana ciki!"

"Ni na saka ta."

"Kin rusa min aure!"

"Da bakinka ka rusa. Ni labule kawai na ja." Ta nuna masa ƙofa da almakashi. "Ka gaida yayarka. Ka ce mata ba za a yanka ni ba, kuma ko da na rame na koma kamar zare, kai dai ba ka isa ba."

Ya tsinci makullinsa ya fita, mutanen layi na binsa da ido har mota.

In ce muku ba ta ji daɗi ba, na yi ƙarya. Ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Ta zauna ta yi dariya sai da hawaye ya zo, ba ta kuma ji tausayin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai da dariyar ta lafa ta lura shagon da ke jikin nata har yanzu a kulle yake.

*

Ta kira asibitin ƙarshen gari ta soke ranar. Ta koma wajen likitar farko, kanta a ƙasa, ta faɗa mata komai. Likitar ta riƙe baki, ta yi mata faɗan da ko Umma ba ta taɓa yi mata ba, sannan ta sake tambayarta.

"Yanzu wa kike son ya gani?"

"Gwiwata, likita. Ina so in hau bene ban tsaya a tsakiya ba."

"To yanzu muka fara magana."

Ta rubuta mata allurar, ta ce ta dawo farkon mako a koya mata yadda ake yi.

Daga asibitin ba ta je gida ba. Mai gyaran takalmi ya kwatanta mata inda mai labule yake aiki, wani sabon gida da ake saka wa labulaye. Ta same shi a saman tsani, fensir a kunne, yana ɗaura ƙarfe a kan taga.

"Sallama."

Bai juyo ba.

"An yi aikin?"

"Na fasa."

Hannunsa ya tsaya.

"Allura zan yi. Likita ce ta zaɓa, ba ni ba, ba kuma wani ba." Ta sunkuyar da kai. "Na zo in ba ka haƙuri. Ka tambaye ni don wa, na ce ina ruwanka. Da ruwanka."

Ya sauko a hankali, ya tsaya nesa da ita kaɗan, yana goge hannu a wando. Ya rame, ita ma ta gani.

"Yaushe za ki fara?"

"Farkon mako."

"To manyana za su je wajen Abba kafin nan."

Ta zaro ido.

"Da wuri haka? Ka bari mana in ɗan..."

"A'a."

"Ko wata uku ne, in fara sauka, in ɗinka riga mai kyau..."

"A'a, Gimbiya." Ya cire fensirin daga kunne, ya rasa inda zai sa shi. "Allurar nan za ta yi aiki, in Allah ya yarda. Za ki rame, masu kallo za su yi yawa, kowa zai ce dama yana sonki. Ba na so wata rana ki kwanta kina tambayar kanki wacce na nema. Ina so a ba ni ke tun ba a taɓa komai ba."

Hawaye ya zubo wa Auta. Duk tsawon watannin nan ta yi kukan baƙin ciki, ta yi na fushi, wannan kuwa ba ta san sunansa ba.

"Kin yi shiru, zuciyata."

Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

"Ka ce musu su zo da wuri," ta ce. "Abba yana fita da sassafe."